Jini Ɗaya, Lada Biyu: Mazan Jiya Daga Ƙasar Gaya Zuwa Sansanin Thiaroye

Ƙasar Yelu, a gundumar Gaya ta jihar Dosso, ƙasa ce ta bakin iyaka. Giginyar Dallol Mawri da rakenta da gishirin Foga sun daɗe suna shiga kasuwannin Kabi, mutanenta kuma suna da dangi a Kamba da ƙetaren kogi wajen Malanville. A shekarun 1940 layin da Nasara suka shata ya raba waɗannan dangi gida biyu. Saurayin da aka haifa a ɓangaren Faransa, jar hula aka ɗora masa aka sa shi jirgin ruwa zuwa Turai. Ɗan'uwansa na ɓangaren Ingila, kaki ya sa aka kai shi dazuzzukan Bama. Daga tsakiyar 1940 zuwa ƙarshen 1942 ma iyayen gijin nasu gaba suke da juna, domin Nijar tana hannun gwamnatin Vichy mai biyayya ga Jamus, Najeriya kuwa tana hannun Ingila mai yaƙi da Jamus.

Tarihin waɗannan mazan jiya yana ɗauke da tambaya biyu. Yaya aka yi mutumin da aka yarda jininsa ya isa fansar ƙasar Turawa, aka ce bai isa a biya shi daidai da Bature ba? Kuma wa ya rushe wannan wariya? Duk wanda ya bi lamarin daki-daki zai tarar cewa babu wani haƙƙi da aka miƙo musu don kara ko godiya. Kowane taki da aka ci gaba, mutane ne suka haɗa kai suka ƙwato shi.

Yadda aka ɗebe su

Rundunar baƙaƙen sojoji da Faransa ta laƙaba wa sunan Sanagal an kafa ta a 1857, zamanin gwamna Faidherbe. A cikinta akwai Bambara da Mosi da Fulani da Zabarmawa da Dandawa da Hausawa. A yaƙin duniya na farko an kwashi wajen mutum 200,000 daga ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, kusan 30,000 ba su dawo ba. Da yaƙin ya ƙare, maimakon a sassauta, sai aka kafa doka a 1919 ta ɗibar soja kowace shekara, ko ana yaƙi ko ba a yi, kowa ya yi shekara 3.

Tsarin ɗibar daga sama yake gangarowa. Gwamna ya yanka wa kowane kumandan adadi, kumandan ya yanka wa sarki, sarki ya yanka wa mai gari. Ranar da aka sa, a tara samari, likita ya duba ƙirji da haƙora da ƙafafu, sannan a jefa ƙuri'a. Wanda ta faɗa wa ya tafi bariki. Daga cikin waɗanda suka rage kuma ana ɗibar wasu zuwa aikin tilas na hanyoyi da gine-gine. To, da yake mai gari ne ke kawo mutane, ba kasafai yake kawo ɗansa ko ɗan attajiri ba. Maraya yake kawowa, da ɗan talaka, da baƙo, da wanda ake kira ɗan bawa. Ashe tun kafin saurayi ya ga Bature, wariyar gida ta riga ta zaɓe shi.

Mutanen bakin iyaka suna da wata mafita da na cikin ƙasa ba su da ita. In labari ya zo cewa masu ɗibar soja na tafe, ko an tsananta lanho da aikin tilas, sai samari su kwana a ƙasar Ingilishi, wani lokaci ma gida guda ya tashi ɗungurungum. Wannan na cikin dalilan da suka sa Nijar ba ta ba da sojoji da yawa kamar Volta da Gini da ƙasar da ake kira Mali a yau ba: ga ƙarancin jama'a, ga doguwar iyaka da Najeriya, ga tsoron da Faransa ke yi kada masu biyan haraji su watse. Akwai kuma waɗanda suka kai kansu, don albashi, ko don gudun fatara irin ta yunwar 1931 da ta addabi yammacin Nijar, ko don neman suna. Daga gidan sarautar Dosso ma, Issoufou Saidou Djermakoye ya yi aikin soja a rundunar Faransa lokacin yaƙin duniya na biyu.

A ɓangaren Ingila, Hausa ce harshen bariki. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma su suka yi yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945, a kwarin Kaladan da yankin Arakan. Har yau barikin Chindit na Zariya da na Kalapanzin da Dalet a Kaduna suna ɗauke da sunayen wancan yaƙi. Can ma albashin baƙi daban, abincinsu daban, hafsoshi kuma Turawa ne. Sai a 1942 aka ba baƙar fata na farko muƙamin hafsa, wato Seth Anthony na ƙasar da ta zama Gana.

Faɗuwar Faransa da zaman kaso

A watan Mayu da Yuni na 1940 Jamus ta murƙushe Faransa cikin mako 6. Dubban sojojin Afirka suna sahun gaba, kuma sau da yawa su aka bari a baya su tare hanya sauran su janye. Abin da ya same su bayan sun miƙa wuya ya bambanta da na Turawan da suka yi yaƙi tare. Tun bayan yaƙin farko, lokacin da Faransa ta girke baƙaƙen sojoji a yankin Rhin na Jamus, aka yi ta cusa wa Jamusawa cewa waɗannan mutane dabbobi ne. Gwamnatin Hitila ta gaji wannan ƙiyayya ta ƙara mata wuta, har a 1937 ta sa aka yi wa ƴaƴan da sojojin suka haifa da matan Jamus aikin hana haihuwa.

Saboda haka a wurare da dama, da an kama fursunoni sai a ware baƙi gefe guda a harbe su. A Airaines, ranar 7 ga Yuni, kyaftin Charles N'Tchoréré ɗan Gabon ya ƙi yarda a raba shi da sauran hafsoshi, ya ce shi ma hafsa ne, aka harbe shi nan take. A Chasselay kusa da Lyon, ranar 20 ga Yuni, an kora fursunoni baƙi cikin fili aka buɗe musu wuta da bindigogin tankoki. Masanin tarihi Raffael Scheck ya ƙiyasta waɗanda aka kashe ta wannan hanya tsakanin 1,500 da 3,000.

Waɗanda suka tsira da rai, Jamus ba ta so su zauna a ƙasarta ba, don ƙyamar launi da tsoron cututtuka. Sai ta tsare su a sansanonin da ta kira Frontstalag, cikin ƙasar Faransa da ta mamaye. A 1941 akwai fursunoni kusan 70,000 daga ƙasashen mulkin mallaka a irin waɗannan wurare, wajen 15,000 daga cikinsu baƙaƙen Afirka ne. Léopold Sédar Senghor, wanda ya zama shugaban Sanagal, yana cikinsu, an tsare shi a Poitiers kafin a sake shi a 1942 saboda rashin lafiya.

Labarin da waɗanda suka dawo suka riƙa bayarwa kusan iri ɗaya ne ko'ina. Sanyin da ya wuce duk wani hunturu da suka sani, har yatsu su mutu. Yunwa, da ruwan miya marar komai a ciki. Tarin fuka da ya kashe mutane da yawa. Saran itace a daji, noma a gonakin wasu, dako a masana'antu. Mutum ya shekara huɗu babu wanda ya san yana raye a garinsu, wani ya dawo ya tarar an yi masa sadakar arba'in, matarsa ta yi takaba ta yi wani aure. Abu mafi ciwo ya zo a farkon 1943, lokacin da Jamus ta buƙaci sojojinta a fagen yaƙin Rasha. Gwamnatin Vichy ta yarda ta ba da hafsoshin Faransa su yi gadin sansanonin. Mutanen da suka ja su zuwa yaƙi jiya, su ne suka koma masu tsaron su a madadin abokin gaba.

Adalci ne kuma a faɗi ɗaya gefen. Jean Moulin, gwamnan yankin Chartres, Jamusawa sun matsa masa a watan Yunin 1940 ya sa hannu a takardar da ke ɗora wa sojojin Afirka laifin kisan farar hula. Ya ƙi, aka doke shi, har ya yanki maƙogwaronsa don kada azaba ta sa ya yi shaidar zur. Mutanen Chasselay sun binne gawarwakin duk da gargaɗin Jamusawa, a 1942 kuma aka buɗe maƙabarta mai jan gini irin na ƙasar Mali a wurin. Matan ƙauyuka da birane sun ɗauki fursunoni kamar ƴaƴansu, suna kai musu abinci da safa da wasiƙu, wasu suna ɓoye waɗanda suka gudu. Addi Bâ ɗan Gini ya tsere da irin wannan taimako, ya shiga cikin masu kafa ƙungiyar ƴan sari-ka-noƙe a tsaunukan Vosges, Jamusawa suka kama shi suka harbe shi a watan Disamba 1943. Can a Bama kuma, Isaac Fadoyebo ɗan Najeriya da abokinsa David Kargbo ɗan Saliyo, da Japanawa suka raunata a 1944, wani manomi Musulmi mai suna Shuyiman ne ya ɓoye su wata 9 yana ciyar da su. Wariya gwamnatoci ne suka rubuta ta a doka, amma a ko'ina an sami talakawan da suka ƙi bin ta.

Ladan da aka biya su

Faransa mai ƴanci ta Janar de Gaulle a Afirka ta fara tsayuwa da ƙafafunta. Gwamna Félix Éboué, baƙar fata, shi ya kai Chadi ɓangarenta a watan Agusta 1940, kuma da sojojin Afirka kwamanda Leclerc ya ci garin Kufra a 1941. Sojojin Afirka suna cikin waɗanda suka sauka a gaɓar Provence ranar 15 ga Agusta 1944, suka ƙwato Toulon da Marseille. Amma da nasara ta matso, sai aka fara jin kunyar fuskokinsu. Rundunar da ta shiga Paris an tabbatar farare ne suka cika ta, bisa buƙatar hafsoshin Amurka, waɗanda sojojinsu ma a lokacin a rarrabe suke bisa launi. A damina da kakar wannan shekara aka janye baƙaƙen sojoji wajen 20,000 daga fagen daga, aka karɓe makamansu har da rigunansu aka ba samarin Faransa. An ce wai sanyi ne ba za su iya ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Fursunonin da aka ƴanto su ma an tattara su don mayarwa gida. Ranar 5 ga Nuwamba 1944 jirgin ruwan Circassia ya tashi daga Morlaix, ya isa Dakar ranar 21 ga wata da mutum sama da 1,200, ƴan ƙasashe daban-daban na Afirka ta Yamma. Aka sauke su a sansanin Thiaroye. Abin da suke nema a bayyane yake: bashin albashinsu na shekarun kaso, da kuɗin sallama, da canjin kuɗin da suka tara bisa farashi na gaskiya. Sun san in aka watsa su, kowa ya koma ƙauyensu, maganar ta mutu. Don haka suka ƙi shiga jirgin ƙasa sai an biya su. Da safiyar 1 ga Disamba aka kewaye su da motoci masu sulke aka buɗe wuta.

Rahotannin sojan Faransa sun ce mutum 35 suka mutu, wani rahoton ya ce 70. Masana tarihi irin su Armelle Mabon sun nuna cewa adadin ya kai ɗaruruwa. A watan Maris 1945 aka yanke wa 34 daga cikin waɗanda suka tsira hukuncin ɗauri bisa zargin tawaye. An sake su a 1947 ba tare da an wanke su ba. Sai a 2014 shugaba Hollande ya je wurin ya miƙa kwafin wasu takardu, sai kuma a watan Nuwamba 2024, bayan shekara 80, shugaba Macron ya amsa cewa kisan kiyashi ne. Ousmane Sembène, wanda ya yi fim a kan lamarin a 1988, shi kansa a Nijar ya yi wani ɓangare na aikinsa na soja.

Wariyar da suka tarar a gida

Sojan da ya dawo ƙasar Dosso a 1945 ya tarar da dokar indijena tana nan. A ƙarƙashinta kumandan yana iya ɗaure baƙar fata ko ya ci shi tara ba tare da alƙali ba, don jinkirin lanho, ko ƙin aikin tilas, ko abin da ya ga dama ya kira raini. Bature ɗan ƙasa ne mai haƙƙi, baƙi kuwa talakan mulki ne kawai. A Yamai, wadda ta zama babban birni a 1926, an keɓe tudun Plateau ga Turawa da ofisoshinsu, kwarin Gunti Yena ya raba su da unguwannin baƙi. A Najeriya ma haka: unguwar Turawa daban, kulob ɗinsu daban, asibitinsu daban.

Bambancin shi ne mutumin da ya dawo ba shi ne wanda ya tafi ba. Ya ga Bature yana gudu, ya ga yana kuka, ya ga yana roƙon burodi. Ya kuma ga Baturen da ya raba abincinsa da shi. Kwarjinin da mulkin mallaka ya dogara a kai ya karye a idonsa, kuma ya faɗa wa mutanen garinsu a dandali da bakin kasuwa.

Daga nan abubuwa suka fara sauyawa da sauri. Wakilan Afirka a majalisar Paris, da goyon bayan jama'ar da ta gaji, suka sa aka soke indijena tsakanin ƙarshen 1945 da farkon 1946. Ranar 11 ga Afrilu 1946 dokar Houphouët-Boigny ta haramta aikin tilas. Ranar 7 ga Mayu dokar Lamine Guèye ta ba kowa matsayin ɗan ƙasa. A cikin watan nan aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai, wadda Diori Hamani da Djibo Bakary suka zama cikin jagororinta, a watan Oktoba kuma aka kafa jam'iyyar RDA a Bamako. Tsofaffin sojoji suna cikin rukunin farko na baƙi da aka ba damar jefa ƙuri'a, shi ya sa kowace jam'iyya take zawarcinsu.

Doka a takarda ba ta isa ba, sai da aka bi ta da ƙafa. Ma'aikatan jirgin ƙasa na Afirka ta Yamma, wajen 20,000, har da na layin Kwatano zuwa Paraku, sun yi yajin aiki daga 10 ga Oktoba 1947 zuwa 19 ga Maris 1948 suna neman tsarin aiki ɗaya ga baƙi da fari. Fiye da wata 5 babu albashi, mata da ƴan kasuwa da manoma suka ciyar da su. Yajin gama-gari na 3 ga Nuwamba 1952 shi ya tilasta wa majalisar Faransa fitar da dokar ƙwadago a watan Disamba. Zaɓen majalisun ƙasa mai akwati biyu, na Turawa da na baƙi, sai a 1956 aka kawar da shi.

A ƙasashen Ingila hanya ɗaya aka bi. A 1947 otal ɗin Bristol na Legas ya hana Ivor Cummings ɗaki, alhali babban jami'i ne daga ofishin mulkin mallaka na Landan, don kawai baƙi ne. Jaridu da jam'iyyu da ƙungiyoyin ƙwadago suka taso baki ɗaya, har gwamna Arthur Richards ya haramta wariyar launi a otal-otal da asibitoci da wuraren jama'a. A Akara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi jerin gwano zuwa fadar gwamna da takardar kokensu. Ƴan sanda suka harbe uku: Saje Adjetey da Kofur Attipoe da soja Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta buɗe hanyar ƴancin Gana a 1957.

Gaskiyar da ba ta da daɗi

Kada a ɗauka duk mazan jiya ƴan gwagwarmaya ne. Da yawa sun zama gardi-sarki da tafintoci da masu gadin ofis, wasunsu kuma sun gallaza wa talakawa da bulalar da aka dake su da ita. Fanshonsu a hannun Faransa yake, don haka a ƙuri'ar raba gardama ta 28 ga Satumba 1958, lokacin da jam'iyyar Sawaba ta Djibo Bakary ta ce a'a ga ci gaba da zama tare da Faransa, hukuma ta yi amfani da tsoron rasa fansho wajen jan tsofaffin sojoji. Ƙannensu kuma an kai su Indoshin da Aljeriya su yaƙi mutanen da ke neman irin ƴancin da su ma suke nema. Wasu sun faɗa hannun mayaƙan Viet Minh, musamman bayan faɗuwar Dien Bien Phu ranar 7 ga Mayu 1954, suka sha wani sabon kaso. Seyni Kountché, wanda daga baya ya shugabanci Nijar, yana cikin waɗanda suka yi waɗannan yaƙe-yaƙe biyu.

Oumarou Ganda ma ya je Indoshin yana matashi, kuma shi ya bar mana shaida mafi kusa da gida. Fim ɗinsa Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, labarin soja ne da ya dawo da kuɗin sallama, abokai da maroƙa suka kewaye shi har suka ƙare, sannan kowa ya watse. Duk garin da ya taɓa karɓar tsohon soja ya san irin wannan. Wasu sun dawo da taɓin hankali, yara suna bin su da tsokana, alhali abin da suka gani ne ya fi ƙarfin zuciyarsu. Wannan laifi namu ne, ba na Faransa ba.

Yaƙin fansho

Ana dab da ba da ƴancin kai, ranar 26 ga Disamba 1959, majalisar Faransa ta sanya wani sashe a dokar kasafin kuɗi da ya daskarar da fanshon sojojin ƙasashen da za su ɓalle. Na Bafaranshe yana ƙaruwa duk shekara, na ɗan Afirka yana nan inda aka bar shi. Bayan shekara 40, mutum biyu da suka ji rauni a rami ɗaya, ɗaya yana karɓar kashi ɗaya cikin uku na abin da ɗan'uwansa ke karɓa, a wasu ƙasashen ma bai kai kashi ɗaya cikin goma ba.

Nan ma haɗin kai ne ya yi aiki, sai dai ya ɗauki lokaci. Tsofaffin sojojin Sanagal 743 suka kai ƙara kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya, a 1989 ya ce wariya ce. Faransa ta yi kunnen uwar shegu. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun gudanarwa ta Faransa ta ba tsohon soja Amadou Diop gaskiya, shekara 5 bayan rasuwarsa. A 2006, da fim ɗin Indigènes ya tayar da hankalin jama'a, shugaba Chirac ya daidaita wani ɓangare. Ranar 28 ga Mayu 2010 kotun tsarin mulki ta rushe sauran, sabon tsari ya fara aiki a farkon 2011, ba tare da biyan bashin baya ba, kuma sai wanda ya rubuta takardar nema. A 2023 ne aka yarda tsofaffin da ke zaune a ɗakunan haya a Faransa su koma gida ba tare da an yanke musu kuɗin tsufa ba. Kafin wannan lokaci mafi yawan masu haƙƙin suna kabari. Tsohon da ke ƙauye a ƙasar Gaya, wanda ba ya karanta Faransanci, nesa da ofishin da ke Yamai, shi ya fi kowa asara.

Abin da ya rage a wuyanmu

Sojojin Faransa sun bar Nijar a watan Disamba 2023, kuma maganar mulkin mallaka ta dawo bakin kowa. Amma fushi kaɗai ba ya adana tarihi. Mazan yaƙin Hitila da na Bama kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, na Indoshin da Aljeriya ma saura ƙalilan. Abin da suka bari yana cikin akwatunan ƙarfe: littafin soja, da lambar yabo, da hoto, da katin fansho da gara ke ci. Sauran yana bakin matansu da ƴaƴansu, waɗanda su ma tsufa ya kama.

Aikin ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Wayar hannu ta isa a ɗauki muryar tsohuwa da hoton takarda. Lambar soja da ke cikin littafin ita ce mabuɗin neman fayil ɗin mutum a ma'ajiyar takardun sojoji da ke Pau a Faransa. Cibiyar IRSH da ta CELHTO a Yamai sun daɗe suna tattara tarihin baka, jami'ar Dosso kuma tana kusa. Hukumomin Yelu da Bana da Bengu da Tanda da Tunuga da Gaya za su iya rubuta sunayen duk waɗanda aka ɗiba daga kowane gari, gidajen rediyon karkara su karanta su, malaman lakwal su koyar da su. Ya kamata a yi wannan tare da dangi na Kabi, domin tarihin ɗaya ne, iyaka ce ta raba shi.

Akwai kuma darasin da ya fi wannan nauyi. Wanda ya yi tir da Bature don ya ware baƙi, bai kamata ya dawo gida ya hana wani aure ko limanci ko gona don an ce kakansa bawa ne ba. Nijar ta mai da bauta laifi a dokar 2003, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria, kuma a 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani, wadda aka bautar, gaskiya. Da yawa daga cikin mazan jiya irin waɗannan gidaje aka ɗebo su, suka sha wariya sau biyu, ta gida da ta waje.

Saboda haka kira nake ga duk mai tsohon soja a zuriyarsa: ya buɗe akwatin nan tun takardun ba su lalace ba, ya zauna da tsofaffin gidansu ya naɗi abin da suka sani, ya kai kwafi inda za a adana. Hukumomi kuma su nemi cikakkun sunayen ƴan Nijar da suka mutu a fagen daga da sansanonin kaso, su sa wannan tarihi a manhajar makarantu. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu.